Rijiyar Gidan Alhaji Dramani

Taku goma sha ɗaya ne tsakanin bakin rijiyar gidan Alhaji Dramani da ƙofar salgar gidan. Mamuna ta auna da ƙafarta, amma sai bayan da awon ya daina amfani.

Gidan yana Zongon Kumasi ne, a kan gangare, ɗaki goma sha huɗu, mutanen ciki sun haura sittin. Da can bayan gida na bokiti ne a jikin bangon baya, masu kwasa su biyo ta lungu su zare bokitin ta wata 'yar ƙofa su tafi da ƙazantar. To, da baƙi suka yi ta kwararowa daga arewa neman aikin katako da dako, sai Alhaji ya dubi lungun nan ya ga fili yana zaman banza. Ya toshe shi, ya gina ɗakin haya biyu. Ina mutum sittin za su zaga? Sai ya sa aka haƙa salga a cikin tsakar gida, ta sama, rijiya kuma ta ƙasa. Ko makaho ya zo da sandarsa ya san inda ruwa yake gangarawa a gidan nan.

Amma wa ya isa ya zargi rijiyar? Alhaji Dramani, babban ɗan kasuwar goro, ya yi Makka ta mota, ya bi ta Sudan, shekara biyu yana hanya. Ranar da ya dawo ya juye gorar zamzam guda a cikinta, mutane na kabbara. Tun daga ranar har daga unguwar Krofrom ake zuwa da kwalba a ɗebar wa marar lafiya.

Mamuna matar ƙanensa ce. Mijin ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, Zuleha, 'yar shekara tara, Alhaji ya bar musu ɗakin da ke daf da rijiya. Masa take soyawa a bakin titi. Daminar 1955, kwana biyu bayan ƙaramar salla, aka yi wani ruwa kamar da bakin ƙwarya, salga ta cika ta tumbatso, tsakar gida ta yi kwana uku ba ta takuwa sai an toshe hanci. Mata suka share, suka watsa toka, aka ci gaba da jefa guga.

Ba a jima ba Zuleha ta dawo daga makarantar allo tana riƙe da kai.

"Mma, kaina kamar ana sara."

Mamuna ta taɓa goshinta ta ji ɗumi. Ta je wurin Rakiatu, matar Alhaji, ta same ta tana tsince shinkafa.

"Yaya, Zuleha ba ta jin daɗi."

"Zazzaɓin damina ne," in ji Rakiatu, ko kai ba ta ɗaga ba. "Wane yaro ne bai yi ba? Dafa mata ganyen darbejiya. Ke dai kin cika ɗaga hankali."

Aka dafa darbejiya. Zazzaɓin bai sauka ba, sai ma hawa yake, na yau ya fi na jiya, na gobe ya fi na yau. Yarinyar da ke cinye masa shida a tsaye ta koma ko ƙamshin mai ba ta so. Harshenta ya yi fari fat. Abu ɗaya take nema, ruwa. Mamuna kuwa ba ta hana ta ba. Ta jefa guga, ta cika moɗa, ta tallafo kanta ta ba ta, har tana cewa, "Sha, 'yata, ruwan albarka ne."

Rana ta bakwai Mamuna ta durƙusa a ƙofar shigifar Alhaji. Yana zaune a kan buzu yana ɓare goro.

"Alhaji, jikin 'yarka ya ƙi. Ko za a kai ta asibiti?"

"Asibiti!" Ya tofar da tuƙa a gefe. "Mu da mutane ke tattaki su zo neman waraka a gidanmu, mu ne za mu kwashi 'ya mu kai wa nasara ya yi mata allura? Kambun baki ne. Kina barinta tana yawo da sabon zane ranar salla, kowa na kallo. Zan sa a yi mata rubutu."

Aka yi rubutun, allo uku. Aka wanke da ruwan rijiya, aka ɗura mata.

Sati na biyu gudawa ta ɓalle. Wani abu ruwa-ruwa, kore-kore, mai warin da ke korar mutum daga ɗaki. Mamuna ta daina fita suya. Wuni take yi tana wanke tsumma, tana kai kasko salga tana dawowa, kuma duk wankin nan a bakin rijiya take yi, don nan ne wurin wanki. Ƙudaje su tashi daga ƙofar salga su sauka a kan guga, su tashi daga guga su sauka a kan kwanon tuwon 'yan haya. Kowa na gani, kowa ya saba. A ɗakunan baya ma an ce wasu lebura biyu suna kwance, amma su baƙi ne, ba wanda ya leƙa.

Ranar Talata da hantsi aka jiyo ihu daga bakin layi: "Tankas! Tankas!"

Duk wanda ya zauna a Zongo ya san wannan kira. Ma'aikatan duba-gari ke nan, masu leƙa randa da kwata, in sun ga tsutsa su rubuta sammaci. Gidan Alhaji kuwa ya gwanance da tarbarsu. Kafin ka ce me, an kifar da randunan da suka kwana, an jawo katakai an rufe bakin rijiya, an shimfiɗa tabarma a kai, Rakiatu ta hau ta zauna da faifan shinkafarta kamar tun safe take wurin. Ƙofar salga aka jingina mata tsofaffin kwanon rufi.

Alhaji da kansa ya leƙo ɗakin Mamuna, hannun riga a kan hanci.

"Ɗauke ta. Kai ta ɗakin goro."

"Alhaji, ko zama ba ta iyawa."

"In suka ga marar lafiya za su bincike gidan nan kaf. Su cike rijiya da ƙasa, su rushe ɗakunan baya, su watsa mutane a titi. Ke kuma ina za ki? Wa ya riƙe ki tun da ɗan'uwana ya rasu? Ɗauke ta, na ce."

Ta ɗauke ta. Ɗakin goro ba taga, ƙasa a jiƙe don kada goro ya bushe. Ta kwantar da ita tsakanin huhuna, Alhaji ya jawo ɗanyen ganye ya lulluɓe ta har wuya, ya ja ƙofa. Ya ce Mamuna ta fito ta tsaya a tsakar gida, kada a ga ɗakinta a buɗe ba kowa a yi tambaya.

"Agoo!" in ji ma'aikacin daga zaure, irin sallamar mutanen Kumasi.

"Amee," in ji gidan gaba ɗaya, kamar salihai.

Sunansa Idirisu, Badagombe ne, da gajeren wando na kaki da dogon ludayin leƙa randa. Bai ma leƙa randa ba. Ya tsaya a tsakiyar gida ya ɗaga murya da Hausarsa ta Zongo.

"Yau ba sauro ya kawo ni ba. Akwai ciwo a unguwan nan, sunanshi taifot. Daga kashin mutum yake shiga ruwa, daga ruwa ya shiga ciki. Gida uku a ƙasanku mun ɗauki mutane. Wanda aka kawo da wuri yana tashi, akwai magani yanzu. Wanda aka ɓoye, hanjinshi yake hujewa. Akwai mai zazzaɓi a nan?"

"Lafiya lau muke, alhamdu lillahi," in ji Alhaji.

"Ina kuke shan ruwa?"

"Famfo."

Idirisu ya bi fuskokin mata da kallo, ya tsaya a kan Mamuna, don idonta ya kumbura.

"Mma, ke fa? Yaranki lafiya?"

Maganar ta zo mata har maƙogwaro. Ta ɗaga ido ta ga Alhaji yana kallonta, yana jan carbi ɗaya bayan ɗaya. Ta tuna ba ta da kowa a garin nan, danginta suna can Salaga, ko kuɗin mota ba ta da shi. Kuma har ga Allah a ranar ba ta yarda ruwan da aka zuba wa zamzam zai iya cutar da mutum ba.

"Lafiya," ta ce.

Kalma ɗaya ke nan, kuma ita ce za ta ci ta har ƙarshen ranta. Idirisu ya rubuta wani abu ya fita. Rakiatu ta sauko daga kan rijiya tana dariya tana karkaɗe zane, wai ƙafarta har ta yi sanyi.

Da Mamuna ta buɗe ɗakin goro, Zuleha ba ta gane ta ba. Idonta a buɗe, tana tsintar ganyen da yatsu, tana magana da ubanta da ya mutu. Ta ɓata zanenta, ta ɓata ganyen. Alhaji ya leƙo, abin da ya fara cewa shi ne a yi maza a janye huhun da ke kusa kada wari ya kama goro.

Kwana biyu bayan haka, da sassafe, Mamuna ta zaga ta bayan sashen Alhaji neman garwashi. Sai ta ga ƙaramar ƙofar da ke fita titi a buɗe, wata mata tana sauke garwa daga ka. Sahadatu ce, Bazabarma mai ɗibar ruwa. Tana juyewa a wata babbar randa da ke bayan labule, ruwa fari tas.

"Sahadatu, wannan ruwan ina ne?"

"Na famfo mana. Daga bakin kasuwa nake kawowa, garwa huɗu kullum." Sai ta ga fuskar Mamuna, ta rage murya. "Ke ba ki sani ba? Tun da maigidana Boukari ya haƙa salgan nan. Ya faɗa ma Alhaji, ya ce ƙasan nan gangare ne, abin da ka zuba a sama rijiya za shi. Alhaji ya ce haƙa aka kira ka, ba wa'azi ba. Washegari ya ce in fara kawo mashi ruwa, in bi ta nan, kada kowa ya gani. Wata takwas ke nan. Shi da matarshi da yaranshi, ko alwala ba su yi da na rijiya."

Mamuna ta tsaya da kaskon garwashi a hannu har ya fara ƙona ta ba ta ji ba. Wata takwas. Yana zaune a kan buzu yana kallon 'yar ƙanensa tana jan guga tana kafa kai. Yana kallon masu kwalba daga Krofrom suna yi masa godiya.

Rakiatu ta fito ta same su. Ta gane an gane.

"To, mene ne?" ta ce. "Alhaji cikinsa ba ya son ruwa mai nauyi, shi ke nan. An hana ki zuwa famfo ne? Ƙafa gare ki."

"Yaya, kin san abin da ke cikin rijiyar nan, kika bar ni ina ɗura wa Zuleha?"

"Ni ban san komai ba. Ni mace ce, abin da maigida ya ce shi nake yi. Kuma ciwo ai na Allah ne. Mutum nawa suka sha ba su kwanta ba?"

Tir da wannan baki. Mamuna ta wuce kai tsaye wurin Alhaji, wannan karon ba ta durƙusa ba.

"Zan kai ta asibiti yau."

"Za su tambaye ki daga wane gida." Ya sassauta murya, abin da ya fi tsawarsa muni. "Mamuna, ki yi hankali. Jibi motocina za su ɗauki goro zuwa arewa. In tankas suka rufe gidan nan, kayan mutane ya ruɓe, wa zai ɗauki asarar? Bari kaya su tashi. Ranar Asabar ni da kaina zan samo mota, mu ce daga unguwar Anloga take. Kwana biyu kacal. Ai na ga jikin ma da sauƙi, jiya ba ta yi surutai ba."

"Ba ta yi surutai ba don ba ta da ƙarfin yi."

"Kina mayar mini da magana? A gidana?"

Ya sa aka zaunar da wani ɗan dako a zaure, wai don tsaron kaya. Mamuna ta san ko wane kaya ake tsaro. Ta koma ɗaki, ta roƙi Sahadatu ruwan famfo ta tafasa, tana ɗiga wa yarinyar da cokali. Ruwan kirki na farko da ya shiga cikinta ke nan, a rana ta goma sha bakwai.

Ranar Asabar motoci suka tashi da goro lafiya lau, ba huhun da ya yi ko tabo. Alhaji ya bi su tasha, bai dawo ba. Da azahar Zuleha ta ƙwalla wata ƙara da ba a san tana da sauran ƙarfinta ba, ta riƙe ciki. Mamuna ta taɓa ta ji cikin ya kumbura ya yi tauri kamar katako. Zufa mai sanyi ta rufe yarinyar.

Mamuna ba ta nemi izinin kowa ba. Ta goya ta, 'yar shekara tara, ƙafafu na reto har gwiwarta, nauyinta bai kai na garwar ruwa ba. Ɗan dakon zaure ya kalle su ya kau da kai. Ta bi ta gefen babbar kwata, ta ratsa kasuwa, ta haura tudun asibiti, tana tafe tana kiran sunanta don ta ji ko tana numfashi.

Wata ma'aikaciyar jinya ta karɓe ta, ta danna cikin sau ɗaya, ta dubi Mamuna.

"Kwana nawa?"

"Goma sha tara."

"Goma sha tara! Ina kika ajiye ta? Da satin jiya kika kawo ta, da yanzu tana zaune tana shan kunu."

Suka yi iyakar ƙoƙarinsu, ba a ce ba su yi ba. Hanjin ya riga ya huje. Kafin la'asar ta yi sanyi Zuleha ta buɗe ido, ta ce, "Mma, ruwa." Kafin a kawo ta cika.

Ranar addu'ar uku ƙofar gidan ta cika maƙil. Alhaji ya sa an shimfiɗa tabarmi har bakin kwata, ya sha babbar riga fara, yana karɓar gaisuwa da murya mai rauni. Marainiyar ƙanensa ce, in ji shi, shi ya riƙe ta kamar 'yar cikinsa, ba irin maganin da bai nema ba. Mutane na cewa Allah ya saka masa. Ana raba goro da masa. Manyan baƙi kuwa, liman da attajirai, daga randar bayan labule aka ɗebo musu ruwa.

Liman ya sha, ya yi hamdala, ya ɗaga kwanon.

"Kai, ruwan rijiyar nan daban yake. Albarkar zamzam ba ta gushewa."

Mamuna tana daga zaure ta ji. Ta juya ciki. Mata suka ji ƙarar guga, suka ga ta fito da kwanon sha cike, ta ratsa su. Rakiatu ta kamo gefen mayafinta, ta fizge. Ta taka har tsakiyar maza, ta durƙusa a gaban Alhaji kamar mai ladabi.

"Malam, a gafarce ni," ta ce wa liman. "Wanda ka sha na famfo ne. Ga na rijiya."

Ta miƙa kwanon da hannu biyu. Ruwan ya ɗan yi rawaya, wani abu na yawo a kansa, waɗanda ke kusa suka ji warin.

"Sha, Alhaji. Ruwan albarka ne. Zuleha ta sha, har rubutu ka wanke mata da shi. Kai ma sha ko kurɓi ɗaya, jama'a su shaida."

Alhaji ya dubi kwanon, ya dubi liman, ya yi wani murmushin da bai kai ido ba.

"Baƙin ciki ne ya taɓa ta, ku yi mata uzuri. A mayar da ita ciki."

"Zan shiga. Ka sha tukuna."

"Alhaji, karɓi mana," in ji liman a hankali. "Ka sanyaya mata zuciya. Ruwan gidanka ne."

Hannun Alhaji bai motsa daga kan gwiwarsa ba. Ya yi gyaran murya.

"Ai... azumi nake yi. Sitta Shawwal."

Ya faɗi haka leɓensa jajir da goro, ɓarin da ya gutsura yana riƙe a tsakanin yatsunsa, tuƙa a gefen baki. Mutum sama da ɗari suna kallon bakin nan. Ba wanda ya yi dariya. Wani tsoho daga Krofrom, wanda ya zo da kwalbarsa a aljihu don ya ɗebar wa jikarsa, ya zaro ta a hankali ya ajiye a ƙasa.

Irin su Alhaji Dramani ba su ƙare a Zongo ba, kuma ba jahilci ke damunsu ba. Ya san gangare, ya san abin da ke gangarowa, ya san ranar da ya daina sha. Ya auna ɗakin haya biyu da huhunan goro a hannu ɗaya, ran 'yar ƙanensa a ɗaya hannun, ya zaɓa, sannan ya jingina wa Allah. Gobe za a ce annoba ce ta shigo gari, kamar daga sama ta faɗo, alhali da shebur aka haƙa mata hanya a tsakar gida.

Mamuna ta ajiye kwanon a kan tabarma, daidai gaban gwiwarsa. Ta miƙe, ta gyara mayafi, ta bi layi ta gangara. Ofishin tankas ta nufa, ta je ta ba Idirisu amsar da ta hana shi ranar Talata.

Rana ta take, ana ta zufa, makoki bai watse ba sai azahar. Kwanon yana nan inda ta ajiye shi, cike. Ƙudaje kaɗai suka sha.